Karanmu Ya Zama Toka, Gazuwal Bai Zo Ba

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Furojen Man Cini-da-zugu, Tasawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne Salisu Ɗan Bako, manomi daga karkarar Urafane. Sau uku ina zuwa biro, wato ofishin shirinku, ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya ji.

Na ɗaya. Ku kuka zo kuka ce mu shuka cini-da-zugu, a tatsi mansa a mai da shi gazuwal, wato man dizal, don injin niƙa da famfon garinmu. Na ba shi rabin gonata. Ga shi damina ta yi gardama, gero bai yi ba, itacen nan kuwa ko akuya ba ta cinsa.

Na biyu. Bayan kaka malamin gonarku ya ce man ba ya juyewa sai an zuba masa wani sinadari, wanda kuka yi odarsa kuma ya maƙale a hanya. Ya ce tokar karan gero za ta yi aikinsa, kowane gida ya kawo buhu biyu. Ranka ya daɗe, a shekarar fari! Karan da muka ɗora bisa rumfa shi ne abincin dabbobinmu har faɗuwar ruwa. Maiɗakina ta hana, na ce manya sun yi alkawarin dussa a madadinsa. Da hannuna na cinna masa wuta.

Na uku. Tun da soja suka karɓi mulki motarku ba ta sake shigowa ba. Wai masu ba da tallafi sun dakata. To, saniyata ba ta san wannan labari ba. Ita kaɗai ta rage mini, nononta yarana ke sha, yanzu sai mun taru mu huɗu muke ɗaga ta. Wallahi na gaji da jin “a yi haƙuri”.

Roƙona: a kawo dussar nan kafin kasuwar Urafane mai zuwa. In babu, a faɗa mana gaskiya, in kai ta ga mahauta tun tana numfashi. Tokar kuma tana mangazarku ta ajiya a kulle, ko buhu ɗaya ba a kwance ba.

Allah ya ƙara girma, ya kiyaye garkenka daga irin wannan shawara.

Wassalam.
Salisu Ɗan Bako