Gidana Ba Kango Ba Ne

Hajiya Huseina Sagiru,
Layin Masu Albasa, Kibiya.
15 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Mai Unguwa,
Unguwar Gangare, Kibiya.

Ranka ya daɗe,

Game da: Kalmar "kango" da aka rubuta a bangon gidana

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina mai gabatar da kukana gare ka cikin ladabi kamar haka:

1. Gidan da ake magana a kansa 'yata Afra'u ce ta zana shi, kasancewar zanen gine-gine ta karanta, kuma yadda raina yake so ta zana. Zallar kankare ne, ba fulasta, ba fenti, tagoginsa dogaye sirara, yana tsaye a kan ginshiƙai. Da gangan aka yi shi haka. An gama shi tsaf tun watan Maris, ba kuɗi ne suka yanke ba.

2. Tun da na tare ban huta ba. Mata na shigowa yi mini jaje, direbobi sun raɗa wa gidana suna "tankin ruwa", wani bawan Allah ma ya ajiye mini buhun siminti sadaka. Duk na shanye. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

3. Ranar Asabar, 6 ga Yuli, Malam Habu, shugaban ƙungiyar gyaran layinmu, ya zo da jan fenti ya zabga wa bangona wannan kalma. Ya kuma aiko cewa ko in shafe gidan da fenti ruwan madara irin na kowa, ko su kai ƙara a rushe shi, wai kada ya zama maɓoyar ɓata-gari. Ɓata-garin da ke ciki dai ni ce, tsohuwa mai ciwon gwiwa.

4. Ina so ka sani, ranka ya daɗe, ƙungiyar nan a inuwar ƙarƙashin gidana take zama, saboda duk layin ba inda ya kai ta sanyi. A nan aka yanke shawarar rushe shi, da ruwan randata a hannunsu.

Saboda haka ina roƙon ka sa Malam Habu ya zo ya kankare rubutunsa, ka kuma hana maganar rushewa. Inuwa ban hana su ba, su ci gaba da zama. Amma kalmar ta yi mini ciwo ƙwarai. Na ƙare ƙuruciyata a ɗakunan da wasu suka zaɓa mini, wannan kaɗai ne nawa. Kango, a Hausar da na sani, gidan da ba kowa a cikinsa ne. Ni kuwa ina ciki, da raina.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,
Huseina Sagiru