Gurbin Ranar Zuhura

Bagudo, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Mashkura,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida Zulkiflu da 'yar lelena Zuhura. Wayarku ba ta shiga sai an hau tudu, shi ya sa na ba direban motar Tsamiya wannan takarda.

Yaya, ƙaninki da kike kira rago ya yi abin kai. Rajistar rigakafin yara da ke cikin kwamfutar asibitinmu, layi ɗari uku da sha biyu babu ranar allura a cikinsu, ga oga yana son rahoto ranar Juma'a. Sai na rubuta umarni guda da SQL, yaren da muke magana da rajistar: duk gurbin da babu rana, a kwafo ta layin da ke samansa. Kafin shayina ya huce aiki ya ƙare, oga har da dafa mini kafaɗa.

Maganar allurar ƙyandar Zuhura kuwa, ki kwantar da hankalinki. Kwamfuta ke fitar da sunan duk yaron da ba a yi wa ba, Inna Fatimata mai allura ta bi su gida gida.

Ƙaninki,
Albashir

Tungar Maidawa, 19 ga Afrilu

Albashir,

Muna lahiya, sannu da aiki, sarkin cika baki. Inna Fatimata ta zo shekaranjiya da akwatinta na ƙanƙara, ta yi ma ɗiyan maƙwabta. Na miƙa mata Zuhura, tac ce babu sunanta ga takarda, wai an yi mata tun watan jiya, kuma allurar a ƙidaye take. Katin Zuhura ruwa ya cinye shi tun da damina. Ni dai ban tuna ba, amma ƙila surukata ce ta kai ta, kuma kwamfutarku ta fi ni kai. Zuhura ta fara tsayawa da bango, haƙora huɗu. Ka gaida Innarmu.

Yayarka,
Mashkura

Tungar Maidawa, 16 ga Mayu

Albashir,

Na gode da zuwanka gaisuwa. Ban iya yi maka magana ba cikin mutane, ka yi haƙuri. Kwana shida ƙyanda ta yi ma Zuhura, Allah ya karɓi abinsa. Har yanzu in na dama kunu sai in ɗebi nata a ƙaramin kofi.

Abin da ya sa na rubuto, dangin Zulkiflu sun ce sakacina ne, wai ban kai ta allura ba, surukata kuma ta ce ba ita ta kai ta ba. Zulkiflu kuwa ba ya duban idona. Don Allah ka fiddo mini takarda daga kwamfuta mai nuna ranar da anka yi mata, in nuna musu. Ita kaɗai ta rage mini.

Yayarka,
Mashkura

Bagudo, 21 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Mashkura,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara miki haƙuri.

Na buga takardar da kika nema, an sa mata hatimi, kwana uku tana aljihuna. Da na aiko da ita, da bakin kowa ya mutu. Na yaga ta yau da safe.

Takardar ta ce sha huɗu ga Maris. Yaya, ranar kina Sagbana, ƙasar Benin, wajen bikin ƙanwar mijinki, ni na raka ki tasha da Zuhura a bayanki. Wannan rana ta wani yaro ce, Abdulganiyu daga Kende, wanda layinsa ke saman na Zuhura. Gurbinta ba mantuwar magatakarda ba ce, ba a yi mata allurar ba ne. Ni na cike shi da hannuna, shi ya sa sunanta bai fito ba. Kin miƙa ta, aka mayar miki da ita saboda ni.

Na faɗa wa oga. Na mayar da guraben yadda suke, Inna Fatimata tana bin yaran tun Litinin. Ki ba Zulkiflu wannan wasiƙa ya karanta wa danginsa. Ba ki yi sakaci ba.

Ina jin kunyar roƙon gafararki, amma ina roƙo. In kin yarda zan zo ranar Asabar.

Ƙaninki,
Albashir

Tungar Maidawa, 27 ga Mayu

Albashir,

Zulkiflu ya karanta musu a zaure. Jiya ya ci tuwona.

Kada ka zo tukuna. Na san kwana ne ya ƙare, amma ban iya ganin hannunka yanzu ba.

In akwai gurbin ranar rasuwa cikin rajistarku, ka rubuta Talata, bakwai ga Mayu, bayan la'asar. Wannan tata ce, kada ka kwafo ta ɗan kowa.

Ka gaida Inna.

Mashkura