Ramin Guguwa da Numfashin Earline

Zuwa ga 'yata Shondra,

Gaisuwa mai yawa. Ya Chicago, ya sanyi, ya jikokina? Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ubanki aji huɗu ya yi, rabinsa ma a bakin kogi.

Mamanki Earline da sauƙi, sai dai numfashin. Tun da bututun iskar kabon ya fashe a bayan gonar maƙwabcinmu Purvis, ba ta ƙarasa magana sai ta huta. Magani ya fi ƙarfina, shi ya sa muka kai ƙarar kamfanin bututun.

Yanzu lauyan kamfanin ya ce wai ni na jawo mata. Kin san mu nan Mississippi, in an ji rugugi, ramin ɓuyan guguwa ake faɗawa. Na ji rugugi, na ja hannunta muka sauka. Ashe wannan iska nauyi gare ta, rami take nema ta kwanta. Wato ni na kai mata matata har gida. Purvis da ya janyo mu waje yanzu Injiniya yake kirana.

In alƙali ya bi lauyan, ba diyya. Dariya nake yi, amma ki sa mu a addu'a.

Babanki,
Cleophus

Shondra 'yata,

Ina fatan kuna lafiya, kuma tarin ƙaramin ya tafi.

An yi zama. Na sa kwat ɗin bikinki, maɓalli ɗaya ya yarda ya shiga. Duk 'yan cocinmu sun zo. Lauyarmu ta ce wanda ya shiga rami ranar ya ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga, har Fasto, har Purvis ɗin, ashe shi ma sai da ya shiga nasa ya fito. Ta ce to, wanda kamfani ya taɓa gaya masa ya gudu tudu ya ɗaga. Ba ko hannu ɗaya. Lauyansu ya kama gyaran gilashi.

Alƙali ya ce za su biya maganin mamanki da na kowa, su kuma kafa jiniyar gargaɗi ta daban don bututun. Ashe wautata ta duk gari ce.

An canja wa mamanki magani. Jiya na shiga gida da takalmin kamun kifi, ta balbale ni da faɗa tun daga kicin har ƙofa ba ta tsaya jan numfashi ba. Na tsaya na saurara har ƙarshe. Gobe ma da shi zan shiga.

Ki gaida mijinki da yara.

Babanki Injiniya,
Cleophus