Yaya Ya Fasa Kwalbar Maganin Inna

Laraba da dare, Dandin Mahe.

Har yanzu leɓena na jini. Yaya Sani ne ya mare ni a gaban Inna.

Tun da likita ya ce cutar dajin Inna ta wuce magani, wata ma'aikaciyar jinya ke zuwa daga Bodinga da maganin rage zafi. Wata biyu ke nan ba mu kwashi Inna da gudu zuwa ɗakin gaggawa a Sakkwato ba. A da kusan duk mako ne, tana ihu a bayan mota.

Yau Yaya ya dawo daga kudu, ya ce mun zuba ido ta mutu. Ya fizge kwalbar ya maka da bango, ya sunkuya zai cicciɓi Inna ya kai ta asibiti. Na riƙe masa riga, ya juyo kaina. Wallahi da akwai taɓarya kusa, da na rotsa masa kai.

Inna ta ce, "Sani, bar ni. Can allura ɗai aka yi man, a sallamo mu. Nan nika son in cika."

Ya fita yana kuka. Ga zafin ya fara taso mata, wata kwalbar kuma sai gobe. Tana matse hannuna, tana cewa in yafe masa.