Muryar da Aka Goge Daga Kwamfutata

Talata, bayan Isha'i

Mama, ki yi haƙuri da na rubuta miki alhali ko sunanki ban sani ba.

A cikin laftof ta hannu da Baba ya sayo mini don shirin jarrabawa na tarar da muryarki. Saƙonni ne da Yarbanci, kina yi wa ɗanki, wanda ina jin shi ne mai ita a da, addu'a, kina tambayarsa ko ya ci abinci. A na ƙarshe kina tari sosai.

Yau muka kai laftof ɗin wurin mai gyara a unguwar Ojoo saboda tana maƙalewa. Ya ce sai an goge komai an zuba sabuwar manhaja.

"Alhaji, akwai abin da za a kwashe?"

"Babu," in ji Baba, "yarinyar ba ta ajiye komai ba tukuna."

Filashin da zan kwashe muryarki a ciki yana hannuna a ƙarƙashin hijabi. Amma yaya zan katse Baba a gaban mutane? Sai na sunkuyar da kai.

Yanzu tana aiki lafiya, ke kuma babu ke. Wataƙila ɗanki ba shi da muryarki a ko'ina.

Addu'o'i huɗu na riƙe a ka. In kin yarda, zan rubuta su a nan kafin su ɓace mini.