Za a sa wa jikana sunan wanda ya kori kakansa

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana, Hausawan Madina duk mun san juna. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ya rage mini. Matar ɗana ta haihu, namiji bayan mata huɗu, ranar Alhamis suna, kuma ɗana ya ce sunan kawunsa zai sa, wato yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Shi bai san abin da kawun nan ya yi wa ubansa ba, ni kuwa shekara arba'in da ɗoriya ina haɗiye maganar.

Ni haifaffiyar nan ce, kakanninmu ne suka zo hajji a ƙasa suka zauna. Na tashi a Al-Sih lokacin unguwar kamar tsibiri take, ba ka fita neman komai, kantin wani tsoho da muke kira Baba Alhaji shi ne kasuwarmu shi ne ma'aikatarmu. Maza na sauke buhu, suna awo, suna kai ruwa da silifa Bi'ir Ali inda alhazai ke ɗaukar harami, mu mata muna daka yaji da kuka a kai masa ya sayar. Mijina mutumin Maraɗi ne, da iƙama yake zaune, wato takardar zaman baƙo, Baba Alhaji ne kafilinsa da ya tsaya masa a wajen hukuma, mijin nawa shi ke kan sikelin dabino. Yayana kuwa dako yake yi a sito, sai dai ya ɗan taɓa makaranta, ya iya fadanci da larabcin littafi.

Farkon shekarun tamanin wani kamfani ya sayi kantin, aka rushe aka gina sufamaket, gilashi ko'ina, sanyi kamar asibiti. Aka tara mutane aka yi rantsuwa ba wanda zai rasa aikinsa. Ba a yi wata biyu ba suka daina karɓar yajinmu, wai ba leda ba tambari, matan unguwa suka jingine taɓarya. Sai suka nemi ɗan unguwa wanda ya san kowa ya zama mudir, wato manaja, yayana ya miƙa wuya tun kafin a rufe baki. Ikon Allah, mutumin da jiya ƙurar shinkafa ke kwance a girarsa ya wayi gari da biro uku a aljihu, ya daina jin Hausa, ka ce masa ina kwana ya amsa da larabci yana kallon silin. Tsofaffin da suka goya shi in sun shigo sai ya cusa kai cikin fayil.

Kamfanin ya ba shi takarda ya rubuta sunayen waɗanda za a mayar da kafalarsu hannunsa, duk baƙon da ba a rubuta ba iƙamarsa ta mutu, sai barin ƙasa. Mijina gyara ce ta ja masa. Kun san al'adarmu, in ka auna wa mutum sai ka ƙara masa ɗan wani abu, haka Baba Alhaji ya koya masa, hannunsa ya saba. Wata tsohuwa ta sayi dabino ya ƙara mata cikin tafi ɗaya, yayana yana kallo. Maimakon ya ja shi gefe ya ce nan ba a yin haka, sai ya zauna ya rubuta rahoto wai sata, ya cire sunansa daga takardar. Mijin ƙanwarsa fa, ƙanwar da ciki wata bakwai, don kawai masu kamfani su ce ga mudir mai amana da ba ya son kai.

Ba a gari na ji ba, da bakinsa ya faɗa mini a tsakar gidan mahaifiyarmu, ya ce kamfani ba gidan sadaka ba ne, ya ce dama wa ya aike ni auren baƙo. Na faɗa masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Mahaifiyarmu ta kama hannuna tana kuka ta ce in rufa wa ɗan'uwana asiri in dai na sha nononta, na yi mata alkawari. Mijina ya tafi da akwati ɗaya, ya ce zai nemi biza ya dawo, shekara biyu ba ta cika ba wasiƙa ta zo cewa ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Bai taɓa ganin ɗansa ba, ni kuma har yau ban san inda kabarinsa yake ba.

Ba zan ɓoye alherinsa ba, in alheri ne. Yayana shi ya sa yaron a makaranta, shi ya yi ta sintiri ofis-ofis har yaron ya samu takardar zama ɗan ƙasa, shi ya yi masa aure. Jama'a na ta cewa kawu na gari, ni ina ji ina taɓe baki, mutum ya ƙone maka rumbu ya riƙa aiko maka da tsaba a kwano. Shi ma yayan nawa, da kamfanin ya gama da shi sai ya kawo nasa mudir daga Jidda, aka sallame shi da agogon bango da takardar yabo, tana nan rataye a falonsa a unguwar Bani Harisa, kowa ya je sai ya karanta masa. Ni ma ban fita daga laifi ba, na raina kaina, don na ci abincinsa, kuma ni na ce wa yaron gwamnati ce ta ƙi sabunta iƙamar babansa.

Shekaranjiya ɗana ya zo da fara'arsa, ina yi masa Hausa yana amsawa da larabci kamar kullum. Na ce sunan mahaifinka fa, ya ce shi kawu ne uban da ya sani, sunan mahaifinsa sai ɗa na gaba in Allah ya kawo, alhali matar ta haura arba'in, wane na gaba. Na ce ya bari mu yi shawara, ya ce ya riga ya yanke, har ya ce ni zan kira kawun in yi masa albishir tunda ni ce ƙanwarsa. Tsohon nan ciwon suga ya cinye shi, da sanda yake tafiya, amma wallahi ko sau ɗaya bai taɓa buɗe baki ya ce ki yafe mini ba, har yau in zancen ya gifta cewa yake aikinsa ya yi.

To 'yan uwa ya zan yi? In na faɗa wa ɗana gaskiya na saɓa alkawarin mahaifiyata tana kabari, na raba shi da uban da ya rage masa, kuma zai tambaye ni me ya sa na yi masa ƙarya tun yana yaro. Masu ilimi a cikinku ku gaya mini, alkawarin nan yana kaina har yanzu? Ko in bar shi ya sa sunan? Ku tuna ni ce kaka, ni za a miƙo wa jaririn nan in goya, kuma in na yi shiru ranar Alhamis, da bakina zan riƙa sa wa sunan nan albarka har in mutu.