Kada Rahmatu Ta Gaji Ƙwaryar Wankana

Zuwa gare ka gawona mai ganye da rani, ruwan farkon damina da ke tada ƙamshin ƙasa, zumata ta kogon kuka, farin watana na daren goma sha huɗu, maigidan da bakina bai taɓa kiran sunansa ba shekara arba'in da bakwai! Assalamu alaikum, Malam. Ni ce Hadiyyarka, daga gindin tsamiyar tsakar gidanmu a Daura. Na sa an rubuta maka da ajami don ka karanta da idonka, kada ka miƙa wa kowa a Mai'adua, ko da amininka Sada ne da ka sauka a gidansa.

Kada ka firgita, Rahmatu ce ke rubutawa, matar Harisu. E, ita! Ga ta nan da alƙalami a hannu, na ce ta rubuta duk abin da ya fito bakina, ko tari na yi.

Malam, murna ce ta cika ni har ta hana ni cin tuwo! Kwana huɗu ke nan ina yawo a tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. Ashe abin nan yana da magani? Ashe za mu rayu har mu ji da kunnenmu? Kai kuma da Harisu ya durƙusa gabanka yana neman albarka, sai ka ce ba a gidanka ba, ka ɗauki sandarka ka tafi kasuwar shanu. Haba sanyin randata! Wa kake gudu? Yaron, ko kanka?

Ka tuna shekarar da aka kawo ni? Saura wata guda biki bajimin nan ja ya haure ka a mara, aka ɗauko ka a amalanke. Ciwo ya warke, amma abin da ya tafi da shi bai dawo ba. Ka gaya mini kana kuka, ka ce in na so ka sake ni tun lallen ƙafata bai goge ba. Me na ce maka? Da ruwa na ba ka amsa. Asuba na yi na ɗauki ƙwarya na shiga makewayi, na kwara ruwa shaa, da ƙarfi, yadda Inna mahaifiyarka za ta ji daga ɗakinta. Na fito da kitso a jiƙe ina sunkuyar da kai, ita kuwa tana ta murmushi har ta ƙara mini man shanu a miya. Haka na yi ta yi, rani da damina, har Allah ya ɗauki ranta tana jiran jika.

Suka ce juya ce, na amsa. Suka ce ka ƙara aure, ka ƙi, sai suka ce na shanye ka a fura. Ni da ko layar ciwon kai ban taɓa ɗaurawa ba! Mukan rufe ƙofa mu yi ta dariya har cikinmu ya ƙulle. Ka riƙe ni kamar ƙwai a cokali, masoyina. Ba ka taɓa dawowa kasuwa ba tare da tsire ko ɗan rake a aljihu ba. Da ƙanenka ya rasu ya bar jikansa Harisu maraya, kai ka ɗauko shi ka ɗora mini a cinya ka ce ga naki. Wallahi ban yi nadama ba, ko ta ƙwayar gero. Amma inuwata, in ce ban ji ciwo ba? Na ji. Ranar sunan 'ya'yan ƙawayena nakan yi guɗa da baki, ciki na kuka.

To ka ji abin da ba ka sani ba. Tun da babur ya kada Harisu a hanyar Kongolam ƙugunsa ya karye, bara da kaka, nake kasa kunne. Wata asuba na ji ruwa shaa a makewayinsu. Malam, na san wannan ruwan! Mai wanka don kanta ba ta kwara shi haka, wannan na jin maƙwabta ne. Na tare ta a murhu na kama hannunta, ban tambaye ta komai ba, ta faɗa jikina. Ga ta nan ma yanzu hawaye ya ɗiga a takardar, in ka ga tawada ta baje to shi ne. Shekararta ashirin da biyu, shi ashirin da tara. 'Yan'uwanta har sun fara kallon cikinta suna taɓe baki.

Ba abin da yaron nan bai sha ba. Ƙwayoyin asibiti, allura, saiwoyi, har garin maganin masu talla da lasifika a tasha. Sai wani likita na Kano ya ce akwai wata 'yar aba da ake dasawa a cikin gaban namiji, ba mai gani, ba mai sani sai matarsa. Bai ɓoye masa komai ba. Ya ce in an sa an sa ke nan, ba a komawa yadda ake da, kuma tunda yaro ne, wata rana in ta gaji sai an sake buɗewa an canja. Shi ya sa yaron yake ta juya abin a ransa wata biyu. Ya je ya tambayi Malam Lawal limamin unguwarmu a asirce, liman ya ce masa magani ne, da shi da ƙarfen da aka sa masa a ƙugu duk ɗaya. Rahmatu ta yarda. Albarkarka kaɗai ta rage, kuma ya rantse ba zai kwanta gaban likita ba sai da ita.

Kai ne za ka hana? Kai, ɗorawata mai zaƙin gari, da ka san ɗacin abin nan fiye da duk mazan Daura? Da a zamaninmu aka ce akwai shi a bayan Agadas, ba da ƙafa za ka tafi ba? Ni da na riga ka ɗaura zane!

Yaron yana ganin ƙyamarsa ka yi. Ya daina haɗa ido da kowa, yana ganin shi kaɗai Allah ya jarraba a duniya. Ka dawo, tauraron asubata. Ka zaunar da shi a zaure, ka dafa kansa. In bakinka ya iya, ka gaya masa labarin jan bajimi. In bai iya ba, Rahmatu ta yi mini alkawarin ba za ta tona ba, ni ma haka. Ranar Alhamis likita ya ce su koma. Na wanke maka farar rigarka, na sa turare, don kai za ka raka shi.

Ƙwaryar nan tana rataye a ɗakina, duk ɗinki. Ɗazu na sauko da ita na nuna wa Rahmatu, na ce kayan ɗakina duk nata ne in na mutu, ban da wannan. Ka zo ka fasa ta da hannunka, mu hura wutar shayinka da ita.

Taka tun ranar amalanke, taka har a jera mu a ƙasa, taka in an tashe mu,

Hadiyya